Kunnen Da Na Bari Yana Lilo

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin ƙanwar Sadiku a Bakura, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar, Allah ya gani.

Sana'ata tura waƙoƙi da finafinai a waya. Ina da 'yar rumfa a kasuwar Talata Mafara, da kwamfuta ɗaya mai zafi kamar tanda. Ran Talata mutanen Garbadu da Dakko kan miƙo mini memori su ce, "Zuba muna masu daɗi." Ni ke zaɓa musu. Abin da na ce da daɗi shi ake ji a gonaki har Talata ta zagayo. A hankali sai kaina ya kumbura, na buɗe shafi a intanet ina sharhin waƙoƙi, har na sa wa kaina suna Mai Kunne (ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina).

Sadiku abokina ne tun firamare. Mahaifinsa, Baba Mani, makaɗin kalangun mahauta ne, shekara da shekaru yana kiɗa a bakin rumfunan nama. Sadiku kuwa hip-hop ya kama, yana haɗa shi da fank, kiɗan nan mai gitar bas da ke sa ƙafa motsi ko mutum bai yi niyya ba. Abin da ya sa kundinsa na farko ya karɓu shi ne kalangun da ya saƙa a ciki. Ni na fi kowa yaba shi, kuma na fi kowa tunatar da mutane cewa ni na fara yaba shi.

Da kundi na biyu ya fito, ni ya fara turo wa. Ya rubuto, "Mai Kunne, saurara da kyau." Na saurara yadda na saba sauraron komai a rumfa: iyafis ɗaya a kunnen dama, ɗayan yana lilo a ƙirjina. Duk mai irin sana'armu haka yake yi, don kada mai saye ya yi sallama sau uku a ce kana wulaƙanci. Na ji bas, na ji muryar Sadiku, ban ji kalangu ba ko sau ɗaya. Waƙa ta uku ma da shiru ta fara, shiru na kusan minti guda.

Kafin la'asar na rubuta sharhina. Na ce Sadiku ya je situdiyo a Gusau ya sha sanyin iyakwandishan ya manta ƙamshin gidansu. Na ce ya yar da kalangu don yana jin kunyar a san ɗan wa ne. Na ce shirun waƙa ta uku shi ne wuri mafi daɗi a kundin (wannan jimlar na fi alfahari da ita, na karanta ta ya fi sau goma ina yi wa kaina dariya). Mutum biyu suka rubuto cewa ai akwai kalangu, in sake ji. Na ce 'yan koren Sadiku ne, na toshe su. Duk wanda ya miƙo memori ya ce in zuba masa sabon Sadiku, sai in ce, "Kada ka ɓata wurinka." Sadiku ya kira ni sau biyu, na ƙi ɗauka, wai mai sharhi ba ya sassauta wa aboki.

Bayan wata biyu aka gayyace ni bikin ƙanwarsa. Na ɗauka ya sauko ne. Na sa sabuwar shadda, na tafi Bakura da shirin yafe masa.

Bayan la'asar aka jera kujeru a ƙofar gida, mai kiɗa ya kafa manyan sifiku biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Aka zaunar da ni a layin gaba. Kusa da sifikar hagu Baba Mani ne a kujera, ya rame, hannunsa na dama a kwance bisa cinya ba ya motsi. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, bai san ni ne Mai Kunnen ba.

Can sai kalangu ya tashi daga sifikar hagu. Kalangu shi kaɗai, ba bas, ba murya, irin kiɗan da ke sa tsohon mahauci ya ajiye wuƙa. Maimakon in yi shiru in ji, sai na miƙe tsaye, na juya wajen Sadiku da ke bayana, na ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Yauwa! Ka ji kiɗa! Da irin wanga ka sa cikin kundinka da ba ka sha kunya ba. Wane makaɗi na wanga?"

Ban rufe baki ba bas ya shigo daga sifikar dama, muryar Sadiku ta biyo baya. Waƙa ta uku ce. Shirun nan da na yi wa ba'a, ashe kalangu ne. Mai haɗa sautin Gusau ya ajiye shi a ɓangaren hagu, ɓangaren da ke lilo a ƙirjina.

Da dariya aka yi mini da na ji sauƙi. Wasu matasa sun fara, amma suka tsaya, don kowa ya koma kallon Baba Mani. Yatsun hannunsa mai lafiya na bin kiɗan a kan gwiwa, hawaye na zuba. Ya ce, "Sadiku, ashe ba ka hidda ni ba?"

Sadiku ya durƙusa gabansa. "Baba, ai na hwaɗa maka. Kai ka ƙi saurare."

A nan na ji sauran labarin. Baba Mani ne ya kaɗa kalangun, kwana uku yana Gusau, kuma shi ne kiɗansa na ƙarshe kafin ciwo ya shanye masa hannu. Wani ya karanta sharhina a rumfar mahauta, magana ta kai masa cewa ɗansa ya cire kiɗansa don kunya, Mai Kunne ma ya tabbatar. Tsohon ya rantse ba zai saurari kundin ba. Wata biyu Sadiku na gaishe shi da safe, tsohon yana kau da kai.

Na rasa inda zan sa fuskata. Na matsa na durƙusa na ce, "Baba, ni na rubuta. Kunne guda na saurara da shi. Ka yahe mini."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Kai na Mai Kunnen?"

Na ce, "Ni na, Baba."

"To ɗana, ɗayan mi kaka yi da shi?"

Sai a lokacin jama'a suka samu damar dariya, suka kuwa yi ta har da riƙe ciki. Ni ko shinkafar ban ci ba.

Washegari na rubuta neman afuwa, doguwa. Ba ta yi yawo ko rabin yadda zagin ya yi ba. Baba Mani ya yafe mini. Sadiku ma ya ce ya wuce, muna gaisawa, yana tambayar iyali. Amma da ya yi sabuwar waƙa kwanan baya, a wayar wani mai saye na fara jin ta. Wata biyun nan da na raba uba da ɗansa, ba ni da hanyar mayar musu da su, kuma shi ne abin da ke cin raina har yau.

Na cire Mai Kunne daga shafina. Yanzu in zan saurari waƙa kunne biyu nake toshewa. Masu saye na yin sallama har sau uku, wasu na cewa na fara girman kai. Na bar su su faɗa. Wannan karon dai na ji abin da ake cewa kafin in buɗe baki.