Ɓarawon Takalmina a Bakin Teku

Da daminar bara na raka ƙanena Habu kai awaki Kudu, ya ce ba za mu dawo ba sai na ga teku. Bayan la'asar muka isa wani garin 'yan shaƙatawa, ana yayyafi, yawancin rumfuna a rufe. Tun daga Ɗambatta na ƙudurta cewa kowa a can ɓarawo ne. Da na lura wani mai kwakwa yana bin mu, sai na ce, "Habu, takalmina yake so."

Sabo ne fil, surukina ya ba ni. Habu ya tafi sayen kifi, ni kuwa zan yi sallar magariba. Na tona rairayi na binne takalmin, na kafa kara kamar iyakar gona. Ni da na girma a bakin rafi, ai na san inda ruwa ke tsayawa. Mai kwakwar nan ya yi ta ɗaga hannu yana yarensu. Na harare shi, na hau tudu na yi salla, har da dogon wuridi.

Da na dawo babu kara, babu takalmi, ruwa ya mamaye wurin. Duk da haka na cafke rigar bawan Allah ina salati.

"Yaya, sake shi!" in ji Habu, yana riƙe ciki don dariya. "Gargaɗinka yake yi. Ruwan nan kullum sai ya hau."

Da silifas ɗin mai kwakwa na dawo gida. Har yau in na fito masallaci ina laluben takalmi, sai wani ya ce, "Malam, a kamo maka tekun ne?"