Gwazar Sakiusa Dubu Goma Sha Tara

"Ni da lissafi, kamar kwakwa da ruwanta ne, tare aka halicce mu!" Haka Sakiusa yake faɗa kullum a zaman shan kava, abin shanmu na gargajiya, a ƙauyenmu na Fiji, har muka laƙaba masa Kai-Na'ura. Kan kuwa akwai girma, abin da ke ciki ne ba mu taɓa leƙawa ba.

Da guguwa ta share mana gonar gwaza ta gari, mai gari Baba Peniasi ya tara mu. Ya ce, "Kunya arba'in da takwas, kowace tana cin iri ashirin da biyar. Nawa za mu roƙo?"

Wani ya fara zane a ƙasa. Sakiusa ya take zanen da ƙafa.

"Haba, wahalar banza! Ashirin da biyar kwatar ɗari ce. Ka liƙa wa arba'in da takwas sifili biyu, sai ka kawo huɗu."

Mai zanen ya ce, "Ka kawo ta ka yi me da ita?"

"Ka ninka mana! Dubu goma sha tara da ɗari biyu."

Rabawa ake yi, ɗan'uwa, ba ninkawa ba. Dubu ɗaya da ɗari biyu ne kacal. Amma da irin muryar da ya faɗa, wa zai yi musu?

Shi da kansa ya haye kogi zuwa ƙauyen surukansa. A wajenmu kuwa, suruki in ya roƙa ba a ce masa babu. Bayin Allah suka tsige gonakinsu, suka bi ƙauyukan maƙwabta. Kwale-kwale ya dinga zuwa yana komawa, iri ya taru ya fi coci tsawo.

Kafin rana ta take, gona ta cika. Tulin ko alamar an taɓa shi babu.

"Kunyoyin ne suka yi gajarta," in ji Kai-Na'ura. "A matse shuka!"

Mata suka ce ya matse bakinsa.

Sai ya lallaɓa ya fara dasawa a filin ƙwallo. Samari suka ɗauke shi cak har bakin kogi, suka wanke masa na'urar.

Yana ɗiga, ga surukarsa ta sauko daga kwale-kwale da ragowar kaya.

Baba Peniasi ya dubi Sakiusa ya ce, "Kyautar surukai ba a mayarwa, ba a kuma barinta ta ruɓe. Ɗana, saura nawa?"

Bakin da ya saba bai jira kai ba. "Dubu goma sha takwas cif!"

Aka yi zane a ƙasa, aka duba. Daidai ne. Gari ya ɗauki tafi, har Sakiusa ya fara buɗa kafaɗa.

Matarsa Merewalesi ta ratso taro ta danƙa masa sandar haƙa rami. Ta nuna masa dajin bayan tudu ta ce, "Maigida, tunda yau kan ya tashi, je ka dasa amsarka."