Hambali Gaban Kwamitin Satar Amsa

A wata kwalejin horar da malamai an yi wani ɗalibi, Hambali, wanda Allah ya hore wa baki ya hana shi zaman karatu. In ana musu a gindin bishiya ba mai ja da shi, amma littafi ko buɗe shi ya yi sai hamma. Yana shekarar ƙarshe, a gida har an fara kiransa Malam, gidan surukai ma sun ce da ya fito da takarda za a sa rana. Ranar jarrabawar ilimin halittu aka tambaye su yadda ƙwayar halitta ke haɗa furotin, sinadarin da ke gina jiki. Hambali ya kalli tambaya, ya kalli silin, sai ya miƙa wuya kan takardar Zulai da ke gabansa ya shiga kwasa. Bai ankara ba sai ya ji an dafa masa kafaɗa. Malama Talatu ce, mai koyar da darasin.

Aka sa ranar da zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, kuma hukuncin satar amsa kora ne. Tsoro ya sa Hambali ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya buɗe littafin ko zai samu mafita. Ya kuwa samu, har ya yi murmushi shi kaɗai.

Ranar zama ya sha farar shadda, ya durƙusa ya gaida shugaban kwamiti, wani dattijo mai gilashi da sanƙo. Malama Talatu na gefe ta harɗe hannu.

Shugaba ya ce, "An ce an kama ka kana kwafar amsa. Gaskiya ne?"

Hambali ya ce, "Ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma a bar ni in yi bayani da ilimin da makarantar nan ta ba ni."

Aka ba shi dama. Ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da wani ɗaki a tsakiyarta, inda aka adana bayanan da ya gada daga uwa da uba. Bayanan nan ba sa fita ko nan da ƙofa. In jiki na son furotin, ko na nama, ko na jini, ko na gashi," ya ɗan saci kallon kan shugaba ya kawar da ido, "ƙwayar ba ta cewa ta haddace. Buɗewa take ta kwafi wurin da take so, ta ba ɗan aike ya fita da shi wajen masu haɗawa. Su kuma su bi shi harafi uku-uku, suna jera sinadarai kamar mai shirya carbi, har furotin ya haɗu. Haka ne, Malama?"

Malama Talatu ta ce, "Haka ne."

Hambali ya ji ƙarfi. "To, ranka ya daɗe, yanzu haka da kake zaune, jikinka kwafa yake yi. Jikin Malama ma kwafa yake yi, ba dare ba rana. Da a ce ƙwayoyin nan za su daina kwafa, da duk ɗakin nan ba mai kai la'asar. Abin da Allah ya gina mu a kansa, shi ne za a kori bawan Allah dominsa? In kwafa laifi ce, ai sai a fara da kwamiti."

Wani daga cikin 'yan kwamitin ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Shugaba ya cire gilashi ya goge, ya shafa kai. Hambali ya fara hango kansa a gida, ana yi masa barka. Can shugaba ya juya.

"Malama, kin ji abin da ɗalibinki ya ce. Akwai gyara?"

Malama Talatu ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Gyara ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ita ƙwayar halitta daga kanta take kwafa. Shi da ya duba nasa kan bai tarar da komai ba, shi ya sa ya koma na Zulai."