Rasuwar Gladys, Mai Shan Rubu'in Tanki

Da zuciya mai nauyi, da baƙin cikin da ya ƙi fita ta baki sai ta takarda, Mista Clifford Haworth na garin Accrington yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, in akwai sauransu, rasuwar motarsa Gladys. Za ta riga mu gidan gaskiya gobe Juma'a da ƙarfe goma na safe, tana da shekara biyar da kwana uku a duniya.

Kada mai karatu ya ɗauka an yi kuskuren rubutu da aka ce gobe. Marigayiya ba mallakin Cliff ba ce tun farko. Ta zo hannunsa ne ta shirin nan na ba naƙasassu hayar mota, inda mutum yake sallama tallafin zirga-zirgar da gwamnati ke ba shi, su kuma su miƙo masa makulli, inshora da gyara da taya duk a wuyansu. Shekara uku aka ɗibar mata. Da ukun suka cika Cliff ya roƙa aka ƙara masa biyu, saboda gyaran tuƙi da hannu da aka yi mata. Da biyun suka kusa ƙarewa ya sake roƙo, sai aka aiko masa da wasiƙa mai cike da ladabi, wadda in aka tace ta ba abin da zai rage sai a'a. Shi ya sa ya san ranar, ya san sa'ar, har ma ya san sunan wanda zai karɓi makullin.

Marigayiya shuɗiya ce, mai shan dizal, mai faɗin baya. Marigayiya Beryl, matar Cliff, ita ta raɗa mata suna, ta kuma zauna a kujerar gabanta wata huɗu kacal kafin nata wa'adin ya cika. A gefen sitiyarin Gladys akwai wani ƙarfe mai kan roba, ka ja ta tafi, ka tura ta tsaya. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa bas kafin ciwon baya ya cinye masa ƙarfin ƙafafu, wannan ƙarfe ne ya mayar da shi direba. A cikin gida Cliff dattijo ne mai jan ƙafa a bayan ƙarfen dogarawa. A cikin Gladys kuwa mutum ne kamar kowa, ana ba shi hanya, yana ba wasu, wani lokaci ma har a zage shi a shataletale, abin da yake jin daɗinsa ƙwarai.

Duk wanda ya san ta zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa tambayarsa ko zai iya ba. Ba ta taɓa yi masa magana da ƙarfi da jan kalmomi ba, kamar yadda mutane ke yi wa mai ciwon ƙafa sai ka ce a kunne ciwon yake. Da safen sanyi takan yi gyaran murya, gir-gir-gir, ta yi tari ɗaya, tuf, sannan ta kama. Fitilar sigina tana cewa tak-tak, tak-tak, ba gaggawa. In ruwa ya sauko, wanda a Accrington ba labari ba ne, waifa na hagu yakan yi wani ɗan kuka, cii, a kowane dawowa. Sau uku makanikai suka ce za su canza shi, sau uku Cliff ya hana. Gidan da ba mai magana sai rediyo, ba a raina ɗan kuka.

Amma babban alherin marigayiya shi ne ƙishirwa. Wannan yana bukatar bayani.

Direban da ba ya iya fita ya tsaya riƙe da bututun mai, akwai yadda ake yi masa. Yakan tsaya a gaban famfo, ya kunna fitilun haɗari, ya ɗaga shuɗin katinsa na naƙasassu a gilashi, ya danna hon sau biyu. Muryar Gladys a nan siririya ce, pim-pim, ba ta dace da jikinta ba. A gidan man da ke gindin tudu, wadda take fitowa ita ce Noreen Pickup, mai shekara hamsin da tara, mai jan gashi na kanti da gwiwa ɗaya mai ciwo. Litinin da Alhamis, ƙarfe sha ɗaya, lokacin da masu zuwa aiki sun wuce, masu cin abincin rana ba su fito ba.

"Kai Cliff, wannan rowa taka sai yaushe?" in ji Noreen tana buɗe murfin tanki. "Yau ma rubu'i?"

"Likita ya ce kar ta ƙoshi."

"Likitan wa, naka ko nata?"

"Namu. Tare muke zuwa."

"To ka gaya masa ya duba maka kai ma. Duk garin nan ba mai fito da ni cikin ruwa saboda ɗan kurɓi sai kai, ɗan tsohon nan mara tausayi."

Daga nan sai labarin gwiwa, da na 'yar'uwarta da ke Blackpool wadda ta sake rina gashi shuɗi a shekara sittin da biyu, da na karenta da ya haɗiye safa. Cliff yakan sa baki da nasa, wanda ya tanada tun daren Asabar, ya juya shi a rai ya goge shi har ya yi sheƙi. In ta gama ta kawo na'urar kati ta taga, ta bugi saman Gladys da tafin hannu sau biyu, ta koma ciki tana ɗingishi. Minti shida ke nan. Ran da na'urar ta yi gardama sai ya samu tara, ya koma gida kamar wanda aka yi wa kyauta.

Rubu'in tanki ba ya ƙarewa da kansa a kwana uku, musamman ga mutumin da ba shi da wurin zuwa. Saboda haka Talata da Laraba da Asabar, Gladys takan hau da shi hanyar tudu zuwa bakin madatsar ruwa, ya ci burodi da cuku yana kallon tumakin mutane, su zaga ta doguwar hanya su dawo. Ba ta taɓa tona masa asiri ba. Ita dai ta sha, allura ta sauka, Litinin ta yi, su gangara gindin tudu da hujjarsu a hannu.

Game da rashin lafiyarta ta ƙarshe, gaskiya ita ce ba ta yi ko ciwon kai ba. Abin ya faro ne daga Janine, 'yar Cliff tilo, ma'aikaciyar jinya a Aberdeen, wadda ba ta taɓa fashin kiran waya ranar Lahadi ba. Wannan sanarwa ba ta ɗora mata laifin komai. Ta zo hutun Ista, ta karanta wasiƙar, ta ɗauke shi zuwa wurin dillalin motoci. Can aka nuna musu wata fara mai lantarki, ƙofarta mai faɗi, kujerarta daidai ƙugu, ba hawa ba sauka.

"Baba, ka gani?" in ji Janine. "A bangon gida za a kafa maka abin cajin, daidai inda kake fitowa. Ka dawo, ka soka, ka shige ɗaki. Kai da gidan mai har abada."

"Har abada?"

"Har abada, Baba. An gama zaman nan kana danna hon ana kallonka, kana jiran sai wani ya ga dama. Ka san shekara nawa abin nan yana ci mini rai?"

Da ta faɗi haka idonta ya kawo ruwa, don murna. Cliff ya dube ta, ya dubi takardar da dillali ya turo gabansa. A nan ne ya kamata ya yi magana, ya sani, har yau kuma yana sani. Motoci masu shan mai suna nan a jerin, ba wanda ya hana shi zaɓar ɗaya. To amma ya ce me? Ya gaya wa 'yarsa cewa ubanta mai shekara sittin da bakwai yana hawa tudu yana ƙona dizal don wata mata ta fito ta ba shi labarin gwiwarta? Faɗin haka daidai yake da ce mata wayar Lahadi ba ta isa ba. Ko ta bar aikinta ta dawo, ko ta zauna can da abin a ƙirji, kuma duk biyun ba ya so mata. Kunya ta kama shi, tausayi ya danne kunyar. Ya karɓi biro ya sa hannu.

Sati goma sha huɗu aka yi ana jiran magajiyar Gladys, wato farar motar. A na shida wani mai aikin lantarki ya zo, magidanci mai furfura a gemu, ya huda bango ya kafa wani farin akwati mai koren ido. Ya sha shayi kofi biyu, ya yi hirar ƙwallo, gidan ya yi awa biyu da muryar mutum a ciki. Da zai tafi Cliff ya raka shi da tambaya.

"Wannan abin, duk wata nawa ake zuwa duba shi?"

"A'a, dattijo, kwantar da hankalinka. Wannan ba ya neman kowa."

An gwada magajiyar a hanya, kuma dole a faɗi gaskiya, ba ta da aibu. Tana tashi ba gyaran murya, tana tafiya ba a ji, tana tsayawa cak. Da ma a ce tana da wani hali da za a kama a yi ƙorafi, da Cliff ya samu sauƙi. Har yanzu ba a raɗa mata suna ba.

Yau Alhamis da ƙarfe sha ɗaya aka kai marigayiya bankwana gindin tudu. Ta yi pim-pim ɗinta, Noreen ta fito tana jan rigar ruwa.

"Cika ta," in ji Cliff.

"Me? Sake faɗi in ji. Caca ka ci, ko tafiya za ka yi?"

"Ita za ta yi."

Cika tanki yana ɗaukar lokaci, abin da ya sa ya nema ke nan, ko da yake dillali ba ya bukatar ko ɗigo. Yayin da man ke zuba ya gaya mata komai game da farar motar da akwatin bango. Abin da bai gaya mata ba shi ne dalilin rubu'i. Noreen ta tsaya tana kallon lambobin famfo suna juyawa.

"To ai ka huta," ta ce. "Ni ma gwiwata ta huta. Sai ka riƙa leƙowa kana sayen jarida, ɗan tsoho."

"Zan riƙa."

Dukansu sun san ƙofar kantin tana da dakali, hanyar ciki matsattsiya ce, kuma ba a barin Noreen ta fito daga kantin sai don mai. Wata babbar mota ta tsaya a bayansu, direbanta ya danna nasa hon, dogo, na mai sauri. Noreen ta rufe murfin, ta kawo na'ura, na'urar kuwa yau ta karɓi katin nan take. Ta ɗora tafinta a saman Gladys, ba ta buga ba, ta bar shi a nan ɗan lokaci. Sannan ta koma ciki. Cliff ya fita titi, ya karya kwana sau biyu, ya samu gefe ya tsaya, ya yi kukan da rabonsa da irinsa tun ranar da aka binne Beryl.

Ta rasu ta bar maigidanta, Mista Clifford Haworth. Ta bar bargo mai ratsi ɗaya, da rabin ledar alewar minti a aljihun ƙofa, da shuɗin kati wanda zai koma hannun magajiya ko yana so ko ba ya so. Ta bar busasshen wuri a gaban gida, daidai faɗinta, wanda ruwan farko zai shafe. Ta kuma bar tumakin bakin madatsa, waɗanda ba a sa ran za su lura.

Ga yadda aka tsara jana'iza. An riga an yi mata wanka yau da la'asar a wurin wankin mota, ciki da waje. Gobe da ƙarfe tara da rabi za a tashi daga gida, maigidanta ne zai tuƙa ta da kansa, ba a bukatar 'yan rakiya. Za a bi ta gindin tudu. Tankinta cike yake, ba ta da hujjar tsayawa, amma za a tsaya a kira sau biyu, in an fito a miƙa kwafin wannan takarda ta taga. Kwafi biyu kaɗai aka buga, ɗaya zai tafi tare da marigayiya a aljihun gaba. Ba a san ko Noreen tana aiki ranar Juma'a ba, domin ba a taɓa zuwa ranar Juma'a ba. Daga nan sai wurin dillali, inda za a miƙa makulli da ƙarfe goma. Ana roƙon mai karɓa ya bar waifan hagu yadda yake, ko na wuni ɗaya.

Ba a bukatar furanni. Za a yi zaman makoki a gida mai lamba goma sha huɗu, Layin Cobden, kowace Litinin da Alhamis daga ƙarfe sha ɗaya, ba ranar tashi. Akwai shayi, akwai biskit. Wanda ya zo ta'aziyya ya ƙwanƙwasa da ƙarfi, kuma don Allah ya jira. Daga kujera zuwa ƙofa minti huɗu mai gidan yake ɗauka, mutane kuwa a na biyu suke juyawa.