Taliyar Amiru da Muciyar Inna

"Lafiya ƙalau na wuni, ba don kai ba. Wa ya aiko ka?"

"Miji ake aikowa gidansa? Tsohuwa, ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi, kafin in ga fuskarka."

Daga tsakar gida nake jiyo su, ina wanke kofin kunun da Inna ta ƙi sha. Ni ce Barira, 'yarta ta fari, kuma wallahi a ranar nan haƙurina ya zo wuya. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a ƙarshen damina, ya tafi ya bar mana ƙin cin abinci. Na dama kunu, ta kau da kai. Na yi fate, ta ce wari yake mata. Har Unguwar Gai na aika aka samo fura da kindirmo mai kyau, ta kurɓa ta ture. Ni kuwa 'yar fari, ko sunana ba ta kamawa, bare in tsaya a kanta ina faɗa. Tsakanina da ita sai "to, Inna." Ƙanena Tajuddeen da ke Kano ya yanke magana: in gari ya waye ba ta sa komai a cikinta ba, zai zo da mota ya kai ta asibiti a ƙara mata ruwa, daga can kuma ta zauna a gidansa ke nan. Inna ta rantse ba mai fitar da ita daga Fassi sai a makara. Ɗansa Amiru ya turo ya gano masa, ɗalibi a birni, dogo, baki ba linzami. Shi ne ya dira daga acaɓa da la'asar sakaliya riƙe da baƙar leda, ya zarce ƙofar ɗakin kakarsa.

"Me ka ƙunso a nan?" in ji Inna daga kan gado. "Wankinka ka kawo?"

"Cefane na yi miki. Matan wasu addu'a suke yi su sami miji irina."

"Kai ɗin? Tunda aka haife ka ko goron kwabo ban gani ba. Zazzage in gani."

Ya zazzage a kan tabarma. Karas, kabeji, koren tattasai, tumatir, attaruhu, sai wani dogon ƙunshi mai ƙyalli.

"Wannan fa? Tsinken tsintsiya ake sawa a leda yanzu?"

"Taliya ce, ta kanti."

"Ƙarya kake, ɗan nema. Taliyar da na sani da hannu ake murza ta, a shanya a igiya, a turara a ci da mai da yaji. Wannan ko akuya ka ba, sai ta kai ka ƙara wajen dagaci."

"Akuya ta fi ki wayewa, ai ita tana zuwa kasuwar Rano."

"Tana zuwa, a igiya, kamar yadda za a kai ka in ka ci gaba. Wannan ganyayyakin kuma zomo za ka kiwata?"

"Ke zan kiwata. So nake ki yi ƙiba in sami abin nuna wa abokaina. Yanzu in na ce ga matata, cewa za su yi muciya ce aka ɗaura wa zane."

Na toshe baki da gefen mayafi. Rabon da in ji muryar Inna ta ɗaga haka, tun kafin ciwo.

"To wa zai dafa maka? Don waccan," ta nuno ni da haɓa, "ba ta san kan tsinken nan ba."

"Ni zan dafa."

"La'ilaha illallahu! Namiji da gemu a madafa! Ke, leƙa waje ki kira min 'yan Hisba."

"Dimokuraɗiyya ake yi, tsohuwa. Kowa yana da 'yancin shiga madafa."

"Shari'a ma ake yi. Ka taɓa min albasa, hannu zai tafi."

"Allah ya tona asirinki! Ashe kina da albasa kika ɓoye. Gwaggo, ina take?"

Na nuna masa kwandon da ke rataye a dirkar rumfa. Ya ɗebo manya-manya, ya ɗaga su saitin ƙofa don ta gani, ya tattare hannun riga ya shiga madafa. Bai tashi ɗaukar tukunya ba sai tukunyar tuwon Inna, wadda ni kaina sai da izini nake taɓawa. Ya hura wuta da kara, hayaƙi ya murtuke, yana tari yana yanka kayan lambunsa a kan faifai.

"Hayaƙin nan na mene ne? Gidan za ka ƙona ka ci gado?"

"Wane gado? Tabarmar kaba da tsohuwar kaza?"

"Kazar nan ta fi ka amfani, tana ƙwai."

"Ki kwantar da hankalinki, uwargida. Kafin a idar da magariba an sauke."

"Kafin me?" Na ji gado ya yi ƙara, alamar ta tashi zaune. "Abincin da zai dahu tsakanin alwala da sallama? Ɗanye za ka ɗura wa mutane. Sauri ya haifi nawa."

"Ke dai ki zuba ido. Gani ya kori ji."

"Ka wanke ta?"

"Ba a wankewa."

"Ka jiƙa?"

"Ba a jiƙawa."

"Ba surfe, ba niƙa, ba tankaɗe, ba talge, ba tuƙi. To gumin wa ke ciki? Abincin da babu wanda ya sha wuyarsa ba ya kama ciki. Shi ya sa kuke nan fiyau-fiyau, iska tana kaɗa ku."

Ya ɗora ƙaramar tukunya a ɗaya murhun, ya zuba man gyaɗa, ya watsa albasa. Cuuu! Ƙamshi ya cika gidan. Ya bi da tumatir da attaruhu, ya ƙara karas da koren tattasai, kabeji a ƙarshe, yana juyawa yana waƙar da ba ta da kai.

"Babu daddawa a miyar nan," in ji Inna. "Daga nan nake ji."

"Ba Gwaggo ta ce hancinki ya daina aiki ba?"

"Ya daina jin daɗi, bai daina jin ta'asa ba."

"Ba miya ba ce, haɗi ne. Haka ake yi a birni."

"Birnin da ba daddawa, Allah ya raba mu da shi."

Ladan ya kwaɗa kira. Ruwan babbar tukunya yana tafasa, Amiru ya barbaɗa gishiri, ya karya taliyar biyu ya zuba. Ya ce da ni, "Gwaggo, kina idar da sallah ki juye ta a kwando ta tsane, kada ta wuce haka. In na dawo sai in haɗa." Ya leƙa ɗaki. "Tsohuwa, zan je masallaci in roƙa miki haƙora."

"Ka roƙa wa kanka hankali, ya fi gaggawa."

Na yi alwala na shiga ɗakina. Ina cikin tahiya na fara jin wani sauti daga madafa, fat, fat, fat. Na san sautin nan tun ina goye. Na sallame na fito ko addu'a ban shafa ba.

Inna ce. Matar da ko bayan gida sai na riƙe ta, ga ta zaune daram a kujerar tsugunno, ta tokare tukunya da ƙafa, ta kama muciya da hannu biyu tana tuƙi. Gefenta ƙwaryar garin dawa, tana barbaɗawa tana danna taliyar nan da jikin tukunya. Gumi yana bin goshinta.

"Inna! Cewa ya yi a tsane ta!"

"Rufe min baki. Na leƙa na ga abu ya yi laushi yana yawo cikin ruwa ba mai kula da shi. A gidana za a sauke ruɗe a ce abinci ne? Miƙo min mara da akushi."

"To, Inna."

Na miƙa. Ta rufe ya sulala, ta buɗe ƙaramar tukunya ta marmasa daddawa, ta ƙara ruwa, ta sa maburgi ta burge karas da kabejin bawan Allah har suka rasa gane junansu. Sannan ta kwashe tuwo malmala-malmala, sumul, ta jera a akushi.

Dattawan masallaci sun tsare Amiru da gaisuwa da tambayar mahaifinsa, sai can ya yi sallama yana murza hannu.

"Gwaggo, an tsane? Yau za a ga..." Ya yi turus. Ya kalli Inna, ya kalli muciya, ya kalli akushi. "Ina taliyata?"

"Ga ta nan, ta zama mutum."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Tuƙa ta kika yi?"

"Da ƙyar ma. Gardama gare ta kamar mai ita."

"Tun daga Kano na riƙo ta kamar ƙwai! A mota na hana a zauna min a kai, a acaɓa na rungume ta. Tsohuwa, tunda aka halicci taliya ba a taɓa yi mata wannan wulaƙanci ba!"

"Ba ta taɓa haɗuwa da mace ba ne."

"Ina karas ɗina? Ina kabeji?"

"Suna cikin miya, inda Allah ya ajiye ganye."

"Wayyo ni Amiru! Na sake ki. Saki uku."

"Ka yi ɗari. Sadakin ma bashi ne. Zauna ka ci, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ya zauna a tabarma ya jawo akushi, ya sunkuya ya shinshina. Na ga ya saci kallona ta wutsiyar ido. Sai ya ture akushin a hankali, ya naɗe hannu.

"Ba zan ci ba."

"Don me?"

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Matar da ta yi kwana da kwanaki ba ta tashi, yau ina fita ta lallaɓo madafa ta tuƙa min tuwo, ita kuma ta ce ba ta ci? Wani abu kika barbaɗa."

"Gari na barbaɗa, ɗan ƙwal uba!"

"Garin me? So kike ki mallake ni, in riƙa bin ki kamar raƙumi da akala. Ko ki aika ni barzahu ki auri mai unguwa. Na ga yadda yake tambayar jikinki a masallaci."

"Ni? Ni zan yi maka asiri? Me za a mallaka a jikinka, wannan wuyan?"

"Mai gaskiya ba ta tsoron girkinta. Gwaggo, ki zama shaida, in na mutu ita ce."

Inna ta zaro ido. A duniya ba abin da ta tsana kamar a taɓa mata girki. Matar da a zamaninta ba a biki a Fassi sai an zo an roƙe ta ta tsaya a kan tukunya.

"Kawo ruwa in wanke hannu," ta ce da ni.

Nan da nan na kawo. Ta gutsuri loma, ta dangwali miya, ta kai baki ta haɗiye tana hararsa.

"To ka gani. Na mutu?"

"Loma ɗaya? Gefen da ba magani kika ɗiba. Ci ta tsakiya."

Ta ci ta tsakiya.

"Ta ƙasa fa? Can ake binne shi."

Ta ci ta ƙasa. Daga nan ba ta ƙara jiran ya ce ba. Wasa farin girki, hannu ya riƙa zuwa yana dawowa, har ta ce in ƙara mata miya, wai gishirin yaron nan ya yi daidai bisa kuskure. Na juya baya kamar ina gyara wuta, don hawaye ne suka zubo min, kuma ban so ta gani. Daɗi ne ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Sai da malmala guda ta tafi tas, ta side yatsu, ta yi gyatsa ta yi hamdala. Amiru ya gutsuri nasa ya tauna, ya sake gutsura.

"Yaya?" in ji Inna.

"Ba laifi."

"Ba laifi kake kai loma kamar ɗan dako?"

Ya fashe da dariya, ya ɗaga hannu biyu sama, miya na bin gwiwar hannunsa. "Na sallama! Kin ci zaɓe, ba zan je kotu ba. Na mai da aurena. Da sassafe zan shiga Rano in buga wa Baba waya. Me zan ce masa?"

"Ka ce masa ya bar motarsa ta huta. Ka ce na ci, kuma da hannuna na tuƙa." Ta jawo tukunya ta kankare ƙanzon ta tura masa a murfi. "Ungo tukuicin cefane, kada ka ce ban taɓa ba ka komai ba."

Ya karɓa da hannu biyu har da rusunawa. Amma da yake ɗan nema ne, sai ya zura ɗaya hannun zai ɗauki malmalar da ta rage a akushi. Inna ta make hannun da mara, ta jawo akushin jikinta ta rufe da faifai.

"Kul! Wannan ta ɗumame ce. Gobe da safe zan ci abata, a nan, a ƙofar ɗakina."