Rasuwar Ɗan Dogo na Gindin Mangwaro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai huce ba, Baba Filibus Istifanus na Trikania yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan Dogo, guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa da ya yi shekara sittin da 'yan kai yana rataye a matsayin ƙararrawa a mangwaron ƙofar cocinsu.

An haifi marigayin zamanin Turawa, a siririn layin dogon nan na Zariya zuwa Jos. Ya goyi kuza a gadon bayansa, ya goyi auduga da gyaɗa da gishiri. Albarkacinsa ƙauyukan da ba wanda ya san da zamansu suka yi kasuwa, matan tasha suka aurar da 'ya'ya da cinikin rake da dafaffen ƙwai. Da aka rufe layin aka tone shi, mahaifin Baba, wanda leburan dogo ne, ya saɓo wannan guntu zuwa Kaduna. Sallamar aikin da leburan ya samu ke nan.

Marigayin bai taɓa neman batir ba, bai taɓa jiran a kawo wuta ba. Ranar Lahadi yakan ce gwarang-gwarang-gwarang. In an yi mutuwa kuwa sai ya ce gwang, ya yi shiru, ya sake cewa gwang, duk unguwa ta ajiye abin da take yi. Tun Baba yana saurayi shi ne ke bugawa. Ya buga wa mahaifinsa, ya buga wa matarsa, yana kuma sa rai wata rana a buga masa.

Ba ciwo ne ya kashe marigayin ba. Ranar Asabar ɗin tsabtar muhalli, shugaban matasa Stephen, wanda bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya, ya dube shi bai ga komai ba sai tsatsa. Ai an sayi lasifika. Ya sa aka kwance shi aka miƙa wa 'yan bola-jari haɗe da karyayyun kujeru, suka ɗora shi a sikeli kamar buhun masara. Baba ya bi sawu da sandarsa, ya tarar tirelar ƙarafa ta riga ta tashi da marigayin. Bai yafe ba, kuma ya ce kada fasto ya wahalar da kansa.

Marigayin ya bar igiyarsa, da gudumarsa, da tsoho ɗaya. Lasifika ba ta cikin dangi.

Tunda babu gawa, gudumar za a binne ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a gindin mangwaron. Ba a gayyaci Stephen ba. In ya zo, ya tsaya a rana.

Baba yana ba da haƙuri da aka ji wannan labari a takarda, don mai sanar da mutuwar ne ya mutu. Ya kuma bar wasiyya: ranar da tasa ta zo, kada a kunna masa lasifika. Duk wanda ya rasa jana'izarsa don bai ji ba, ya je ya tambayi Stephen.