Tafintan Gwaram

Shekara guda na yi a Birnin Kudu ina haɗa karatun Larabci da Fillanci da Barbarci. Malamina ya ce, "Ɗauki ɗaya ka gama." Na ce a raina, tsufa ne.

Da na koma Gwaram, kowa sai da ya ji labari. Ran nan wani falken kanwa daga Barno ya shigo a gigice, mai gari ya sa aka kira ni. Na gyara rawani, na gaishe shi da Barbarci. Ya yi ta magana yana nuna zango. Na sake gaishe shi, don iyakar abin da na riƙe ke nan. Sai Inna mai fura ta ture ni, ta ce, "Matarsa ke naƙuda!"

Har yau in mace ta fara naƙuda a garinmu, sai wani ya ce, "Ku kira Tafinta ya gaishe ta."